Daren Jarrabawa a Barishal

Ruwa bai ɗauke ba tun Talata.
Kogin Kirtankhola ya cika ya batse,
jiragen ruwa na ta kuka a tasha,
ni kuwa, Jhorna, ina duƙe a gadon makaranta
da littafin magunguna wanda laima ta kumbura.

Gobe Madam Protima za ta tsare mu da ido.
Bitamin huɗu ne masu son mai, in ji ta,
A da D da E da K,
ba sa bin fitsari, jiki ke ba su masauki,
in an cika su, baƙo ya fi ƙarfin mai gida.
B da C kuwa galibi 'yan ci-rani ne,
su shigo da hantsi, la'asar sun bi ruwa.

Na haddace. Na manta. Na sake.

Maganin ƙarin jini da lemo ake sha, ban da shayi,
kuma a gaya wa mai ciki bayan gida zai yi baƙi,
kada hankalinta ya tashi.
Fotashiyam ba a tura shi jijiya gaba ɗaya:
Madam ta bugi tebur a kan wannan
har alli ya karye a hannunta.

Na juya shafi, sai ga fuskar babana.
Shekara biyu yana tuƙa keken fasinja da fuka a ƙirji,
yana sayen firedinisolon a shagon bakin gada.
Kumatu suka cika kamar wata ɗan sha huɗu,
maƙwabta na cewa arziki ya zo wa Motaleb.
Ranar da kuɗi suka ƙare ya daina, tashi ɗaya.
Ba wanda ya gaya masa akwai 'yan huluna biyu a kan ƙoda,
masu yin barci in an daɗe ana yi musu aiki,
kuma ba a tashinsu da tsawa, sai a hankali.
Kwana uku ya yi.
Littafin ya faɗi wannan a layi biyu da rabi.

Ƙarfe ɗaya saura aka buga ƙofa:
ɗakin yara ya cika, hannu ya yi kaɗan.

Gado na tara, wata uwa daga tsibirin yashi,
sarinta jiƙe har gwiwa,
ɗanta Tuhin, wata goma, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa.
Na tsunkuli fatar cikinsa, ta koma da nawa.
Tun cikin kwale-kwale take ɗura masa ruwa
da ɗan gishiri da dunƙulen mazarƙwaila.
Ta kama hannuna: ba ni ƙwayar da ke tsayar da zawo.
Na ce ba ta jarirai ba ce, yaya,
toshe ƙofa ba ya korar ɓarawon da ke ɗaki.
Ta harare ni. Ban ga laifinta ba.

Na yaga fakiti, na auna rabin lita.
Cokali. Jira. Cokali.
Ya yi amai, muka ƙirga minti goma, muka koma.
Nono kuma kada ki janye.
Zinki kwana goma, ko ya warke gobe.
Fanka ta tsaya, wuta ta dawo, ta sake tafiya.
Cokali.

Ana kiran asuba ya jiƙa mini farar riga da fitsari,
ɗumi, mai yawa,
muka kalli juna da uwar, dariya ta kuɓuce mana.

Ƙarfe tara ina zaune gaban takarda,
hannuna na warin sabulu da gishiri.
Tambaya ta farko: me ya sa ake rage firedinisolon sannu-sannu?
Na daɗe riƙe da biro
kafin na fara.